Ɗigon Famfon Baba

Ƙudan zuman amya ta biyu sun tashi ranar Talata, rana tsaka.

Injiniya yana durƙushe a kicin yana ɗaure bututun wanke-wanke ya ji ƙarar. Da farko ya ɗauka babur ne a layi. Sai ƙarar ta yi kauri ta cika gidan. Ya fito da sifana a hannu. Can ƙarshen lambu sama ta yi baƙi. Suna tuttuɗowa daga bakin akwatin amyar kamar hayaƙi, suna kewaya bishiyar lemon da ta kaɗe ganye. Ba su sauka a kanta ba. Suka dunƙule, suka haye katanga, suka yi yamma. Ko minti biyar ba a yi ba.

Ya waiga. Baba yana bakin taga a kujerarsa, inda ake ajiye shi kowace safiya don ya ga amyoyinsa. Ɓarin fuskarsa na dama a sake yake tun ciwon. Yau na hagun ma ya saki. Yatsa ɗaya kawai ke motsi a hannun kujera, yana buga katako a hankali. Tak. Shiru. Tak.

Cikin amya uku, saura ɗaya.

Inna ta kawo shinkafa da cokali. Baba ya kau da kai. Ta zagaya ta ɗaya gefen, ya sake kau da kai.

"Malam, ko loma biyu. Likita fa ya ce maganin ba ya shiga cikin da babu komai."

Ya rufe ido.

Ta ajiye farantin ta ja ɗanta zuwa ƙofar kicin. "Da ta farko ta tashi kwana biyu ya yi bai ci ba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka san abin da ke ransa? Gani yake sun san mai su ya ƙare, shi ya sa suke barin gidan. In ta ukun nan ta tashi, ubanka ba zai ƙara buɗe baki ba. Na san shi."

"Ƙwari ne, Inna. Me suka sani?"

"To, kai da ka sani, ka tsayar da su."

Ya koma kan bututunsa.

Shi ba injiniya ba ne. Mai gyaran famfo ne. Mutanen layi suka laƙaba masa sunan da tsokana tun yana koyon aiki, sunan ya bi shi har ya yi furfurar gemu ta farko. Sati shida ke nan da aka kira shi a waya aka ce Baba ya faɗi a lambu. Shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta tafi, hannun dama ya tafi, magana ta tafi. Ya bar matarsa da yara a garin da yake aiki, ya ɗauko jakar kayan aikinsa ya taho.

Shi da Baba ba su taɓa zama masu hira ba. Yana shekara tara ƙudan suka taru a kansa, idonsa ya rufe kwana uku, tun daga nan bai ƙara wuce bishiyar lemo da son ransa ba. Baba bai yi masa faɗa ba. Ya dai daina kiransa in zai shiga lambu. Haka suka rayu, kowa da abin da yake riƙewa a hannu.

Jinya kuwa bai iya ba. In ya ɗaga Baba sai ya ji kamar zai karya shi. In ya zauna kusa da shi sai ya rasa inda zai sa idonsa. Abin da ya iya shi ne gyara, don haka ya shiga gyara. Ya ɗaure ƙyauren da ke kuka. Ya kafa ƙarfen riƙo a banɗaki. Ya toshe yoyon tanki. Ya ga tsofaffin tabarmi da kwalaye da aka jibga a kan amyoyi sun ruɓe, suna ba shi kunya, sai ya tashi da sassafe kafin ƙudan su fara fita, ya yaye su, ya ɗora sabon kwano mai ƙyalli a kan kowace, ya danne da dutse.

Sai famfon lambu.

Tun yana firamare famfon nan yake ɗiga. Ƙarƙashinsa akwai wani katako a jingine, an lulluɓe shi da tsumman buhu da ya yi kore da gansakuka, ƙudan zuma kullum a kai kamar an gayyace su. Duk zuwan da ya yi gida sai ya ce zai gyara, Baba ya ce, "Bar shi, ka huta." Ya ɗauka kara ce irin ta tsofaffi. Amma abin yana ci masa rai. Mutum yana gyara famfon mutanen gari, na gidan ubansa yana zuba shekara talatin. Ga shi bana ruwan sama ya ƙi, zafi kamar a bakin murhu, ruwan famfo sau biyu a sati yake zuwa sai an tara a tanki. A safiyarsa ta huɗu ya canja robar cikin famfon, ya ɗaure kansa tam, ya jefa katakon cikin itacen girki. Minti goma. Inna ta sa masa albarka har sau uku.

Da yamma ta yi, ranar Talatar, ya sa hular ragar Baba ya je ya buɗe amyar da aka bari. Kwanon ya ƙona masa yatsu, sai da ya sa tsumma. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya bugi hancinsa. Saƙar zuma biyu sun narke sun zube a ƙasan akwatin, sun cakuɗe da gawar ƙudan da suka danne. Sauran a bushe suke, babu zuma, babu ƙwai, sai 'yan tsutsotsi da suka ƙandare a ramukansu. Tururuwa har sun fara jerin gwano. Ya daɗe yana kallo. Bai fahimci komai ba, sai dai abin ya yi kama da ɗakin da aka gudu aka bari.

Washegari da hantsi aka buga ƙofa da ƙarfi.

Mai Guga ne, tsohon da shagon wankinsa ke jingine da katangar lambun ta waje. Abokin Baba ne tun kafin a haifi Injiniya. Ya shigo da gwangwanin madara a hannu, leɓensa na ƙasa a kumbure.

"Ina mai zuman? Ina yake? Yau sai an raba ni da shi!"

"Sannu da zuwa, Kawu. Me ya sami bakinka?"

"Tambayata kake? Dangin ubanka ne suka sumbace ni." Ya wuce kai tsaye zuwa taga, ya dafa kafaɗar Baba. "Abokina, ka kwanta ka bar mini yaranka suna cin zalina ko? Tashi ka ga aikinsu."

Ya juye gwangwanin a kan tebur. Gawar ƙudan zuma ce, jiƙaƙƙu, da kumfar sabulu a jikinsu. Sun kai cikin tafin hannu biyu.

Baba ya dube su. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa.

"Na jiya kaɗai ke nan," in ji Mai Guga. "Wata guda ke nan ba ni da sakat. Duk bahon da na buɗe sai su yi masa rubdugu. Su faɗa ruwan omo su mutu. Jiya na shanya rigar wani malamin makaranta, ya zo ɗauka ya sa hannu a aljihu, har yanzu ina jin ihunsa. Abokina, ba haka muka yi da kai ba fa. Alkawari alkawari ne."

"Wane alkawari, Kawu?"

Tsohon ya juyo ya dube shi sama da ƙasa. "Au, ba ka sani ba? Ina ka sani, kana ta gudun lambu kamar an ce akwai zaki. Shekarar da ya kawo amyarsa ta farko haka suka yi mini. Muka yi faɗa har sai da aka riƙe mu, na ce zan zuba musu kananzir. Shi ne ya ce in ba shi kwana uku. Ya je ya sassauta famfon can da hannunsa, ya jingina katako, ya shimfiɗa buhu. Tun daga ranar ko ɗaya ban ƙara gani a shagona ba."

Injiniya ya waiga ya dubi famfon ta taga.

"Ruwan sha ne suke nema haka?"

"Sha kaɗai? Ai ɗiba suke. Ubanka ya nuna mini da idona. Su cika ciki su kai gida, su shafa a jikin saƙa, wasu su jeru a ƙofa suna fifita da fiffike. Fankarsu ke nan. In babu ruwa ɗakin ya yi zafi, kakin ya yi laushi, 'ya'yan su dahu a ciki. Ga fari, babu fure ko na magani. Kai in an hana ka ruwa, an hana ka abinci, ɗaki ya zama tanda, zama za ka yi?" Ya leƙa ta taga, ya kare ido da hannu. "Wai me nake gani yana walƙiya a kan akwatunan can? Kwano? A wannan ranar?" Idonsa ya gangara kan famfo. Ƙasan wurin a bushe, har ta tsage. "Wa ya ɗaure famfon?"

Mai Guga ya juyo ya dubi Injiniya.

"Innalillahi. Injiniya! An gyara gida, an kashe masu gida."

Inna ta zauna a bakin gado, ta riƙe haɓa. "Ya sha faɗa mini ɗigon na baƙinsa ne, ƙudan nan," ta ce. "Ni kuwa na ɗauka ƙyuyar gyara ce ya samo wa suna. Shekara talatin ina masa mita."

Injiniya bai iya duban Baba ba. Hannun Baban ya duba. Yatsan yana nan yana buga kujera. Tak. Shiru. Tak. Sati biyar yana ganin wannan, har ya faɗa wa likita cewa hannun mai lafiyar ma ya fara rawa.

Ya ɗauki hular raga ya fita.

Amya ta uku tana can kusa da katanga, inda inuwa ke ɗan taɓa ta da yamma. Wataƙila shi ya sa ta kai yau. Gabanta ya yi baƙi ƙirin da ƙudan da suka fito suka rataye kamar gemu. A bakin ƙofar wasu sun kafa ƙafa, sun ɗaga gindi, fikafikansu ba sa ganuwa don sauri. Ƙararsu ba irin wadda ya saba ji daga nesa ba ce. Tana da kaifi.

Ya iso daidai bishiyar lemo. Ya tsaya. Ya ji kamar yaron nan ɗan shekara tara da ƙudan suka harba yana ja masa riga ta baya. Ya gyara hular raga ya wuce.

Yana ɗaga kwanon suka taso. Ɗaya ta same shi a wuyan hannu, biyu a idon sawu, wata ta bi ta ƙasan raga ta same shi a bayan kunne. Bai saki ba. Ya kai kwanon jikin katanga ya jingine, ya tsaya yana numfashi, hawaye na zuba ba da izininsa ba.

"Kar ka yi gudu!" Mai Guga ya ƙwala daga ƙofar kicin, ya ɓoye rabin jikinsa. "In ka gudu sun ga bayanka!"

"To zo ka taya ni mana, Kawu!"

"Ni nawa rabon na karɓa jiya!"

Tsofaffin tabarmin an riga an ƙone su. Ya kwaso guntayen bututun da ya cire daga banɗaki, ya haɗa su da gwiwar bututu huɗu, ya kafa rumfa sama da amyar, tsayin kamu uku don iska ta ratsa. Ya shimfiɗa bargon ɗakinsa a kai, ya ɗaure da waya. Wannan kam aikin hannunsa ne, bai ɗauke shi rabin awa ba. Sannan ya tona itacen girki. Katakon yana nan, Inna ba ta kai gare shi ba saboda ta ce ba zai ci wuta ba. Ya samo buhu ya yanka, ya lulluɓa, ya jingina shi a gurbinsa na da, inda sawunsa ke nan a ƙasa.

Inna ta biyo shi har rabin lambu. "Tankin fa bai kai rabi ba, kuma sai Asabar ruwa zai zo. Ga wankin Malam kullum."

"Na bar wanka sai Asabar."

"A wannan zafin? Mu da za mu zauna da kai fa?"

"Ku yi haƙuri da ni."

Ya durƙusa gaban famfon da sifana. Nan ya tsaya. Shekara goma sha tara yana hana ruwa zuba. Bai taɓa koyon yadda ake sa shi ya zuba daidai ba. Ya murɗa kan kaɗan, ruwa ya tsiyaya kamar zare. Ya mayar, ya ɗauke ɗif. Sabuwar robar tana da kyau, ba ta san wasa ba. Ya kwance kan gaba ɗaya, ya ciro ta, ya sa wuƙa ya ɗan tsaga gefenta. Hannunsa ya so ya ƙi. Ya mayar ya ɗaure.

Ɗis-ɗis-ɗis-ɗis. Ya yi yawa. Kafin gobe tanki zai ƙare.

Ya tashi ya shiga ɗaki. Ya sunkuya ya ɗauki Baba da kujerarsa gaba ɗaya. Ba shi da nauyi. Wannan ma ya ba shi tsoro. Ya ajiye shi a inuwar kicin, inda zai ga famfon sosai.

"Baba, nuna mini."

Tsohon ya dube shi da idon nan ɗaya mai rai. Ya daɗe. Sannan yatsan ya ɗaga.

Tak.

Injiniya ya koma ya kama sifana, kunnensa a baya, idonsa a bakin famfo. Ya matsa kaɗan. Ɗigo biyu na faɗowa kafin yatsan ya sake bugawa. Ya ƙara matsawa, kamar kaurin gashi. Yanzu yatsan ya riga ɗigon. Ya sassauta. Gumi yana shiga inda aka harbe shi yana raɗaɗi.

Tak. Ɗis. Tak. Ɗis.

Suka haɗu. Yatsan ya buga sau biyar tare da ruwan, sannan ya kwanta a kan katako ya huta. Karo na farko cikin sati biyar.

Amma ƙudan ba su zo ba.

Buhun ya jiƙe, ruwa ya bi katakon ya gangara, babu ko ɗaya. Suna fitowa su haye katanga su nufi shagon wanki, hanyar da suka koya. Ranar Alhamis ma haka. Gemun da ke gaban amya bai ragu ba. Baba ya karɓi ruwan shayi kurɓi uku, ya ƙi burodi. Injiniya ya je shagon Mai Guga ya tsaya a ƙofa yana kallon bahon da ke buɗe, ƙudan sun yi masa rubdugu.

"Na sani," tsohon ya ce. "So kake in rufe bahona in zauna ina kallon kayan mutane."

"Kwana biyu kawai, Kawu."

"Kai da ubanka ba ku taɓa zuwa da alheri ba." Ya jawo faranti ya kife a kan baho, ya kife wani. "In malamin makarantar nan ya zo neman wandonsa, gidanku zan turo shi."

Da ya dawo ya tarar Baba yana nuna amyar da aka bari da haɓa, yana goga tafinsa a hannun kujera, gaba da baya. Wannan karon Injiniya bai yi saurin cewa ciwo ne ba. Ya tsuguna ya kalla har ya gane. Ya je ya ɓanɓaro narkakken kakin nan mai wari, ya goge katakon famfon da shi tun daga sama har ƙasa, don warin ya jawo ƙudan.

Juma'a rana ta fito da fushi. Tun hantsi ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Injiniya ya zauna a ƙasa kusa da kujerar Baba, bayansa a jikin bango, kunnensa a kumbure, jikinsa yana tsami. Wajen sha biyu, lokacin da biyun farko suka tashi, ƙarar amyar ta ƙaru. Ƙudan suka fara tashi daga gemun, goma, hamsin, suna kewaya rumfar. Inna ta fito da ludayi a hannu ta tsaya. Injiniya ya ji hannun Baba ya sauka a kafaɗarsa ya damƙe.

Ɗaya ta ware daga cikinsu. Ta yi ƙasa-ƙasa, ta wuce famfon, ta dawo. Ta sauka a gefen buhu inda ruwa bai yi yawa ba. Ta kafa baki. Daga inda yake yana ganin cikinta yana bugawa. Ta daɗe. Ta tashi da ƙyar kamar mai ɗauke da jarka, ta nufi amya, ta kutsa ciki.

Suka jira. Ɗis. Ɗis.

Uku suka zo. Sannan bakwai. Kafin inuwar katanga ta taɓa rumfar, gefen buhun ya yi layi baƙi, wasu na sauka wasu na tashi, hanya ta buɗe tsakanin famfo da ƙofar amya. Gemun ya soma raguwa daga ƙasa, suna hawa suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar ta sauko, ta koma irin wadda Injiniya yake ji daga ɗakinsa tun yana yaro.

Hannun da ke kafaɗarsa ya sassauta, amma bai ɗauke ba.

Inna ta koma kicin. Ta fito da faranti, ta tsaya tana duban su biyun, sai ta miƙa wa ɗanta cokalin. Bai taɓa ba Baba abinci ba. Ya ɗebo da yawa, rabi ya zube a riga. Ya rage, ya sake kaiwa. Baba ya buɗe baki, idonsa yana kan famfo.

Ya ci loma tara. Inna ce ta ƙirga.

Ranar Asabar ruwa ya zo. Ma'aikacin da ke zagayen duba mitar ruwa ya shigo lambu, ya rubuta lambarsa, zai fita sai ya ja ya tsaya.

"A'a, Injiniya, ashe kana gari. Famfonka na zuba fa. Ko in kira maka mai gyara?" Ya yi dariya, ya miƙa hannu zai murɗa kan.

"Kar ka taɓa."

Mutumin ya janye hannu, ya dube shi.

"Haka aka saita shi," in ji Injiniya. Ya sunkuya ya gyara zaman buhun a hankali, ta gefen da babu kowa a kai.